Satar fasaha: Wa ya kai kaya Sabon Birni aka ƙi saye?

Kwanakin baya ina zaune a ƙofar gida bayan isha'i, rediyo na kunne, sai na ji ana hira da wani furodusa daga Kano. Ba zan kama sunansa ba, domin ba da shi kaɗai nake ba. Bawan Allahn nan ya kwashe kusan minti ashirin yana zuba Allah-ya-isa. Ya yi wa masu tura finafinai a waya, ya yi wa masu karɓa, har ya ce duk wanda ya kalli fim ɗinsa ta hanyar turi, to ya shirya biyansa ranar gobe ƙiyama. Da ya gama sai na kashe rediyon na shiga lissafi. In dai maganar tasa haka take, to a garinmu Sabon Birnin Gobir, da Isa, da Gatawa, da Tsamaye, da Unguwar Lalle, da wuya a samu gidan da mutumin nan ba ya bin sa bashi. Har da gidana.

Tun kafin a ce na zo kare ɓarayi, bari in bayyana matsayina. Fim dukiya ce, littafi ma dukiya ne. Wanda ya sayar da filinsa ko motarsa ya shirya fim, da marubuciyar da ta hana idonta barci wata da watanni tana rubutu, suna da haƙƙi a kan guminsu. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan haƙƙi a zamanta na Kuwait cikin 1988. A Nijeriya akwai dokar haƙƙin mallaka tun 1988, kuma a watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwa wadda ta shafi har abin da ake yaɗawa a intanet. Duk wannan ba ni da ja a kai. Inda nake ja shi ne a kira ɗan Sabon Birni ɓarawo, alhali ba a taɓa kawo masa kayan har ƙofa ya ce ba ya saye ba.

Mai karatu, zo mu je kasuwa ka gani da idonka. Ranar cin kasuwa ka tsaya a rumfar mai turi. Benci ne guda, da kwamfuta tafi-da-gidanka wadda ta sha jiki, da faifan sola a kan rufi, da wayoyin caji rututu kamar saƙar gizo. Ga manomi ya sayar da tiya biyu ta gero, ga yaron da yayarsa ta aiko daga cikin gida da sunan fim a rubuce a 'yar takarda, ga ɗan acaɓa ya jingine babur. Mai rumfa zai ɗago kai ya ce, "Malam, mi kaka so a tura ma?" Mutum ya miƙa memori, ya faɗi abin da yake so, sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro kuɗi ya biya. Kafin nan ya sayi memorin da kuɗinsa. Bayan nan zai biya kuɗin caji, tunda wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce mai zuwa ba sallama ta tafi ba sallama. Ka ga ke nan kafin ya kalli fim ɗaya ya buɗe aljihunsa sau uku.

To wane irin ɓarawo ne wannan mai biya sau uku? Ni dai a sanina ɓarawo ba ya tsayawa layi da kuɗi a hannu. Mutumin nan mai saye ne, kuma mai saye na gaske, wanda bai taɓa fashin mako ba. Abin da ya faru kawai shi ne kuɗin nasa sun tsaya a rumfar mai turi, ba su ƙarasa Kano ba. Tambayar da ya kamata furodusa ya yi wa kansa ita ce: me ya sa kuɗin da aka fitar saboda fim ɗina ba su iso ni ba, kuma wace hanya zan gina su iso? Allah-ya-isa ba ta gina wannan hanya.

Mu koma baya kaɗan. Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, har zuwa lokacin da Sangaya da Wasila suka girgiza ƙasar Hausa a farkon ƙarnin nan, kasuwar fim a Kano take, a Bata da Ƙofar Wambai. Mu da ke nan bakin iyaka sai abin da ɗan kasuwa ya ga dama ya ɗauko. Kaset zai baro Kano ya sauka Gusau ko Sakkwato, ya kwana, ya yi mako, kafin wani ya saka shi cikin kaya ya kawo mana. Sau da yawa kafin na asali ya iso, kwafin kwafi ya riga shi da kwana goma, hoto yana rawa, murya tana shaƙewa, fuskar Ali Nuhu ta koma ruwan ɗorawa. A haka muka kalla, a haka muka hardace waƙoƙin. Da aka koma faifan CD abin bai canja ba. Ban taɓa ganin wani kamfanin fim ya buɗe ko da teburi a Sabon Birni ko Isa ya ce ga wakilinmu, ga kayanmu na asali, ga farashi ba. Idan akwai wanda ya taɓa yi, ya rubuto ya ƙaryata ni.

Yanzu da kasuwar faifai ta mutu, sai ake ce mana mu hau intanet, mu sauke manhaja, mu yi rajista, mu biya da katin banki. Madalla. Amma masu wannan shawara sun san inda ake kira Sabon Birni kuwa? A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 saboda 'yan bindiga, kuma Sabon Birni da Isa suna ciki. A lokacin, mai son jin muryar ɗan'uwansa sai ya nemi layin Nijar ya matsa kusa da iyaka yana ɗaga waya sama. Ko da aka buɗe, ƙauyuka da yawa sabis ɗin sai an laluba. A farkon 2023 takardar naira ta ɓace, aka koma ba ni gishiri in ba ka manda. A ƙarshen Mayun shekarar aka cire tallafin mai, kuɗin janareta ya ninka. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Hanya kuwa, kowa ya san yadda take. Yankin da a 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya aka tafi da shi daji, kuma bai dawo da rai ba, Allah ya jiƙansa, wa zai ce wa talakan wurin ya hau mota zuwa birni don sayen fim?

Mutanen da ke cikin wannan hali, in dare ya yi aka kulle ƙofofi, abin da ke ɗebe musu kewa shi ne 'yar wayar nan da iyali za su kewaye su ga Ibro, Allah ya jiƙansa, su yi dariya su manta da fargaba na awa ɗaya. Wanda ya kawo musu wannan dariyar shi ne mai turi. Shi ya sayi data, shi ya bi dare lokacin da sabis ke da ƙarfi ya sauke, shi ya matse fim ɗin ya zama ƙarami yadda zai shiga ƙaramar waya. Aikin da kamfani ya kamata ya yi, shi ya yi shi.

Kada a ce ban gwada hanyar halal ba. Na taɓa sauke wata manhajar kallon finafinan Hausa, na je wajen mai POS na saka kuɗi a asusuna, na biya kuɗin wata guda. Kuɗi suka fita nan take. Fim kuwa sai zobe yake ta juyawa a tsakiyar allo. Minti biyu kallo, minti biyar jira. Na nemi in sauke shi in kalla daga baya, abin ya ƙi. Data ta ƙare ban kai rabin fim ba. Na rubuta musu saƙo har sau uku, ko gezau. Washegari na taka rumfar yaron unguwarmu, cikin minti biyar ya zuba mani fim ɗin garau, har da gyara, ya ƙara mani waƙoƙi biyu. Yanzu don Allah a tsakanin su biyun nan wa ya ɗauke ni mai saye? Wanda na bi ta ƙofa ya bar ni a tsaye, wanda ake kira ɓarawo ya shimfiɗa mani tabarma.

Sannan akwai wata magana da 'yan fim ba su son a tayar, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wai shin a kan me aka gina ita kanta industirin? Wani bature masani, Brian Larkin, ya zauna a Kano ya yi nazarin kasuwar Ƙofar Wambai, kuma a rubutunsa na 2004 ya nuna cewa injinan kwafi da hanyoyin rarraba kaya da finafinan Hausa suka hau kai, tun asali an kafa su ne don gurza finafinan Indiya da na Amurka ba da izinin kowa ba. Wato satar fasaha ce ta share filin da aka yi shuka a kai. Labarai nawa aka ɗauko daga Bombay aka sa musu hula da mayafi? Karin waƙoƙi nawa aka kwaso? An biya wani Ba'indiye ko sisi? Finafinan Indiya da aka riƙa fassarawa da Hausa suka cika wayoyinmu, nawa ne a ciki aka sayi izininsu? Ba na faɗin haka don in ce ramuwar gayya ce. Ina so ne mai Allah-ya-isa ya sassauta murya, ya tuna cewa shi ma lokacin da ba shi da hanya, ta katanga ya shiga.

Kuma mu 'yan kallo muna da namu ƙorafin. Wa ya manta da zamanin da ake yanka labarin awa ɗaya da rabi a mai da shi na ɗaya da na biyu da na uku da na huɗu, rabin kowane faifai talla ne? Wa ya manta da tallar da za a nuna maka waƙa mai daɗi, ka sayi fim ka neme ta ka rasa? Ko faifan da ka saya da kwalinsa mai ƙyalli ya tsaya cak a daidai inda labari ya ɗau zafi, ka mayar a ce kaya in ya fita ba ya dawowa? Marubuta ma ba su tsira ba: ka sayi littafi na ɗaya da na biyu, na uku sai bayan shekara biyu, wani ma har abada. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai sayen da aka cuta sau uku, shi ne ya ce gara ya ba mai turi 'yan canji, in fim ɗin bai yi daɗi ba ya goge ba ciwon rai.

Bari in ɗan fita daga fim in shiga wata harka da ta fi mu shan wahalar kwafi, wato wasannin gem. Duk wanda ya taɓa leƙa shagon da yara ke buga ƙwallon PlayStation a garuruwanmu ya san da wuya ka ga faifan asali a wurin. Amma su ma yaran biya suke yi, wasa-wasa, kowane wasa da kuɗinsa. To ya masu yin gem suka yi da irin waɗannan?

A ƙasar Folan, bayan faɗuwar gurguzu, kusan duk gem ɗin da ake bugawa na kwafi ne, a fili ake baje su a kasuwar birnin Warso. Wasu matasa biyu suka kafa kamfanin CD Projekt a 1994, kuma ɗaya daga cikinsu, Marcin Iwiński, shi kansa ya taɓa sayar da gem na kwafi a kasuwa yana yaro. Saboda haka ya san abin da ke kai mutum wurin mai kwafi. A 1999 suka ɗauko wani gem mai suna Baldur's Gate suka fassara shi da harshen ƙasarsu, suka ɗauko fitattun 'yan wasan kwaikwayon Folan suka sa muryoyinsu, suka zuba shi a kwali mai kyau da taswira da littafin bayani, abubuwan da mai kwafi ba zai iya bayarwa ba. A ranar farko kwafi 18,000 suka fita, a ƙasar da ake cewa ba mai sayen na asali. Kamfanin nan shi ne daga baya ya yi The Witcher 3 a 2015, wanda ya sayar da fiye da kwafi miliyan 50. A 2008 ma sun buɗe shagonsu na intanet, GOG, inda suka riƙa sayar da gem ba tare da kwaɗon hana kwafi ba, don sun lura kwaɗon ba ya hana ɓarawo komai, mai sayen halal yake wahalarwa.

Haka kamfanin Valve na Amurka, mai shagon Steam da aka buɗe a 2003. An gargaɗe su cewa kada su ɓata lokacinsu a Rasha, ƙasar 'yan kwafi ce. Suka shiga, suka riƙa fitar da kaya da harshen Rashanci a rana ɗaya da sauran duniya, Rasha ta zama ɗaya daga manyan kasuwanninsu a Turai. Shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya bayyana a 2011 cewa a ganinsa matsalar satar fasaha kusan kullum matsalar hidima ce: in mai kwafi ya fi ka saurin kai kaya da sauƙin samu, to shi za a bi. Shi kuwa kamfanin Konami na Japan, mai gem ɗin ƙwallon da yaranmu ke kira PES, a 2021 ya canja masa suna zuwa eFootball ya sake shi kyauta, yana samun kuɗinsa daga ƙananan abubuwan da mai wasa ke saye a ciki. Ba wanda ya ci nasara a cikinsu da tsinuwa. Kowannensu zama ya yi ya tambayi kansa me mai kwafi ke ba mutane wanda ni ban ba su ba.

Ba sai mun je Turai ba ma. Da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, layi kaɗai ya haura naira dubu ashirin, kuma ko daƙiƙa biyar ka yi magana kuɗin minti guda za a cire. Da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi dole. Aka fito da katin naira ɗari. Yau ga waya a hannun mai kiwon awaki a Kurawa. Masu madara da omo da magi ma haka suka yi: da suka ga talaka ba ya iya sayen gwangwani, sai suka ƙulla masa a 'yar leda daidai aljihunsa, suka kai masa har teburin mai shayi. Ba su tsaya a Legas suna zaginsa da rowa ba.

Kuma wallahi in ana maganar rowa ga mai fasaha, a cire Bagobiri. Nan ne fa ƙasar Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, mai Bakandamiya. Da wace doka aka tilasta wa sarakuna da attajirai su ba makaɗa doki da riga? Har gobe in an yi biki a Isa ko Sabon Birni, ko aka tsallaka Tsibiri da Maraɗi wajen 'yan'uwa, za ka ga wanda bai ajiye ba bai ba wani ajiya ba ya fito fili yana yi wa mawaƙi kari da kuɗin da ya yi mako yana nema. Me ya sa? Domin yana ganin mai fasahar da idonsa, ya san kuɗin hannunsa suke shiga, kuma za a ambaci sunansa a gaban jama'a. Bahaushe yana biyan fasaha in ya san wanda yake ba, kuma aka girmama shi. 'Yan fim sun ɗauko tsarin kanti na Turawa, sun manta da wannan ɗabi'a tamu da ta girmi kanti.

Marubuta sun fi 'yan fim gane wannan. A zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ke tashe, shagunan haya ne suka raya karatu a garuruwa irin namu. Kwafi ɗaya zai zaga gida talatin har bangonsa ya cire a ɗinke da zare. Marubuta sun yi kuka da masu haya, amma masu hayar nan su suka haifar da dubban matan da suka zama masu karatu har yau. Yanzu da littafi ya koma waya, dubi dabarar da marubuta mata suka ɓullo da ita: a saki shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ta biya 'yan ɗaruruwa ta tiransifa ko katin waya a saka ta a zauren WhatsApp, inda za ta yi magana da marubuciyar kai tsaye, ta yaba, ta yi ƙorafi, har ta roƙi kada a kashe tauraron labari. Ana fitar da littafin a yaɗa a waje? Ana yi, kuma abin da ciwo. Amma duk da haka mata na biya, har daga ƙauyukanmu, domin farashin daidai su ne, hanyar biyan suna da ita, kuma wadda suke ba kuɗin ta san da zamansu. OkadaBooks, babban shagon littattafai na intanet da aka kafa a 2013, ya rufe a ƙarshen 2023, amma waɗannan ƙananan zaurukan suna nan suna ci.

Wani zai ce ai yanzu an wuce wannan gardama, tunda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina, waɗanda suka fara a 2020, a YouTube ake sakin su kyauta. To a nan ma akwai asara da ba a lura da ita. YouTube yana biya ne bisa yawan kallo da talla. Mai turi zai sauke kashi ɗaya sau ɗaya, ya zuba wa mutum ɗari biyu. A lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla, sauran ɗari da casa'in da tara ba su wanzu ba, alhali kowannensu ya biya. Ka ga har yanzu kuɗin suna nan a rumfa suna jiran mai zuwa karɓa.

To mene ne mafita? Shawarata ba sabuwa ba ce, tsohuwar dabarar Ƙofar Wambai ce. A zamanin kaset, furodusa ba shi ke gurza kwafi ba. Yana ba 'yan kasuwa uwar kaset ne, ya buga kwalaye ya sayar musu, su kuma su gurza da injinansu su saka a kwalin. Wato waɗanda suka ƙware a kwafin finafinan Indiya, su aka mayar diloli, kowa ya samu. Tsarin yana da nasa rigingimun, amma shi ya ɗauki industirin fiye da shekara goma. Me zai hana a yi wa mai turi haka?

Na farko, ƙungiyoyin masu shirya fim su zo, ko su aiko, su zauna da masu turi na kowace ƙaramar hukuma. Ba su da wuyar samu, kowa ya san rumfarsu. A yi musu rajista, a ba su shaida su liƙa a ƙofa, a yanka musu kuɗi kaɗan a kan kowane sabon fim ko a kowane mako, su biya ta wajen mai POS. Na biyu, wanda ya yi rajista a ba shi abin da wanda bai yi ba ba zai samu ba: kwafi mai tsabta, wanda kamfani da kansa ya matse daidai ƙaramar waya, ya iso shi kwana ɗaya ko biyu kafin a saki a intanet, tare da fasta. A sana'ar turi, wanda ya riga samun sabon kashi shi ke da kasuwar ranar. In ya biya kuɗi ya samu wannan fifiko, shi da kansa zai sa ido a kan maƙwabcinsa mai shigowa ta katanga, ba sai an turo ɗan sanda daga Sakkwato ba.

Na uku, a tuna da ɗabi'ar kari. A buɗe hanya mai sauƙi da ɗan kallo zai tura wa shirin da yake ƙauna ko da naira ɗari biyu, a rubuta sunansa da garinsu a ƙarshen kashi na gaba. Ku gwada ku gani in 'yan Gobir za su yarda Katsinawa ko Zamfarawa su fi su yawa a jerin. Na huɗu, kada a manta da tsallaken iyaka. Daga nan zuwa Gidan Rumji da Maraɗi harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, memori kuwa ba ya tsayawa a shingen kwastan. A sa farashi da sefa, a nemi wakilai a can. Na biyar, marubuta su karanta littattafansu da muryarsu ko su ɗauki mai karantawa, su ba masu turi da yarjejeniya, domin mata da yawa a karkara ba su karanta boko amma suna son labari, kuma yanzu wasu ne can ke karanta littattafan mutane a YouTube suna cin kuɗin.

Na san abin da za a ce: ai da zarar fim ya shiga waya ɗaya, da Xender zai zaga gari kyauta. Gaskiya ne. A zamanin kwali ma ana gurzawa a bayan fage. Ba wanda zai kama kowane kwabo, ko Amurka ba ta iya ba. Amma yanzu nawa ake samu daga Sabon Birni? Babu ko anini. Da babu gara ba daɗi. Kuma mafi yawan mutane ba su da lokacin bin gida-gida neman wanda ya samu, sun fi son su je inda suka saba su biya kaɗan su wuce.

Hukunci kuwa yana da wurinsa, sai dai a san inda za a sauke sanda. Ma'aikacin ɗakin tace hoto da ke fitar da fim kafin ranar sakinsa, da mai tashar YouTube da ke ɗora aikin wani yana karɓar dala, da mai kwafe littafin marubuciya ya cire sunanta ya sa nasa, waɗannan su ne kuraye, kuma sabuwar doka ta ba da damar a sa a sauke abin da suka ɗora a kuma gurfanar da su. Tun 2005 hukumar haƙƙin mallaka ta ƙaddamar da shirin yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP, an yi kame, an ƙona faifai tuli-tuli a gaban 'yan jarida, amma abin bai hana a 2015 aka ga October 1 na Kunle Afolayan a hannun masu talla a titunan Legas ba. In kame bai gama da manya a Legas ba, ƙwace kwamfutar yaron da ke ciyar da uwarsa da ƙannensa a sansanin gudun hijira ba zai dawo wa furodusa da ko sisi ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu turi da masu kallo, kada ku ɗauka na wanke ku tas. Uzurinmu shi ne ba a kawo mana ba. Ranar da aka kawo, da farashin da za mu iya, uzuri ya ƙare, kuma wanda ya ƙi biya a ranar ya ci haƙƙi da saninsa. In muka bari masu shirya finafinan nan suka karye, mu za mu koma kallon fassarar Indiya har abada, 'ya'yanmu su tashi ba su ga rigarsu da zaurensu a allo ba.

Shi kuwa furodusan da na ji a rediyo, ga saƙona gare shi: Alhaji, ka janye Allah-ya-isa, ka aiko wakili. Kuɗinka suna nan a Sabon Birni, kullum ana biyan su a rumfa, ba wanda ya zo karɓa ne kawai. Allah ya ba mu zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya, ya sa hanya ta buɗe har ka zo da kanka mu yi maka kari.